Gwaggo da 'Yan Gajeren Gashi

Ranar da Allah Ya karɓi abinSa, Gwaggo ta yi sallar asuba a zaune kamar yadda ta saba tun bayan aikin gwiwa, ta sha shayinta mai kanumfari, sannan ta ce da Umma ƙirjinta ya yi mata nauyi, bari ta ɗan kishingiɗa. Kafin motar asibiti ta iso ƙofar gidanmu a unguwar Abu Hail ta Dubai, rai ya yi halinsa. Daga wurin Allah ta zo, wurinSa ta koma, mu ma hanyarmu ke nan.

Lokacin korona ne, ba a yarda a taru ba. Masu ta'aziyya bibbiyu suke hawowa bene, kowa da takunkumi a fuska, su tsaya daga bakin ƙofa su yi addu'a su sauka. Abba, wanda shi ne ƙaninta, ya dawo daga maƙabarta da ƙasa a gwiwar wandonsa, ya zauna a falo. Waya ce ta ƙi hutawa. Daga Zariya, daga Sakkwato, daga Landan, tsofaffin ɗalibanta, mata manya masu jikoki, kowacce tambayarta ɗaya: "Da gaske Malama ta rasu?" Wata alƙaliya ta ce har yau ba ta sa hannu a takarda sai ta karanta sau biyu, don tsoron jan biron Malama. Wata ta fara da kuka ta ƙare da dariya, don ta tuna ranar da aka sa ta maimaita kalma ɗaya tun daga aji har ɗakin cin abinci.

Wata 'yar'uwarmu ta kira daga Kano, ta ce, "Allah sarki, ga shi ba ta bar baya ba." Umma, wadda ban taɓa jin ta mayar wa babba magana ba, ta ce, "Hajiya, da kina kusa da na ba ki wayar nan ki riƙe na awa ɗaya, sannan ki sake faɗa."

Da la'asar wata mata 'yar Kumasi ta iso da kayan aikin otal a jikinta. Ba ta shigo ba, a kan matattakala ta zauna ta ɗora hannu a ka. "Mma ya tafi? Mma ya tafi bai gaya mini ba?" Haka Hausarsu ta Zango take, mace da namiji duk "ya" ne. Kukanta ne ya karya ni, don tun safe idona a bushe yake.

Ni ce na kwana ɗaki ɗaya da Gwaggo shekara huɗu, don haka na ga ya zama mini dole in rubuta abin da na sani, kafin ya fara zubewa daga kaina.

Ta zo Dubai ne don a yi mata aikin gwiwa, da niyyar wata uku. Ta koyar da Ingilishi da adabi a makarantar kwana ta 'yan mata fiye da shekara talatin, mijinta ya daɗe da rasuwa, gidanta na Zariya ba kowa sai ita. Da aka gama aikin, Abba ya ce ba inda za ta koma, ya yi ta sabunta mata biza. Aka sa mata gado a ɗakina, ƙaramar durowa ce kawai tsakaninmu.

Ba ta fita sai da jan biro a jaka. In mun je kasuwar Al Sabkha sayen atamfa ko turare, sai ta ja ta tsaya gaban allon wani shagon masu aika kaya ƙasashen waje, ta ɗaga sanda ta nuna wa mai shagon inda harafi ya faɗi. Ni kunya kamar in nutse. Amma akwai wani ɗan Pakistan da ya ɗauko mata kujera, ya kawo mata takardar tallarsa ta gyara, daga ranar kuma in ya hango mu sai ya aika a kawo shayi. Larabcin garin kalma uku ta ɗauka: yalla (mu je), shwaiya (a hankali) da khalas (shi ke nan). Da "yalla" take tashina salla, da ita take kiran cin abinci, da ita kuma take korar mutum in ta gaji da surutunsa.

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ina karanta adabin Ingilishi. Abba harhaɗa magunguna ya so in karanta, ya bar ni ne kawai ba don ransa ya so ba. A wannan zangon aka ba mu wani tsohon littafin hikaya na Amurka, wanda aka daɗe ana koyarwa a makarantu, aka ce kowa ya yi bayani gaban aji a kan zamanin da aka rubuta shi, wato shekarun 1920. Ni aka ba batun 'yan matan lokacin da Turawa ke kira filafa. Gwaggo ba ta taɓa kiransu haka ba, "'yan gajeren gashi" take cewa.

Wata ranar Asabar na baza hotunansu a kwamfuta a teburin falo, na shiga kicin. Na fito na tarar da Abba tsaye yana kallo: 'yan mata an datse gashi daidai kunne, riga iya gwiwa, wata da karan sigari a hannu, wata ta jefa ƙafa sama tana rawa.

"Wannan mene ne?"

"Aikin makaranta ne, Abba."

"Wannan ne karatun da kike fita tun safe dominsa?" Bai ɗaga murya ba, shi ya sa na san abin ya kai. "Ki ƙarasa zangon nan. Daga nan ko ki sauya fanni, ko ki koma Kano wajen kakarki ki yi karatu a can."

Gwaggo tana zaune tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ji haushinta a ranar.

Dabara ta zo mini. Na zauna na rubuta shafi shida ina tsine wa 'yan matan nan: marasa kunya, 'yan giya, su suka lalata ƙasarsu. Nufina in nuna wa Abba ya ga ba sha'awarsu nake ba. Na ba Gwaggo ta duba mini nahawu. Ta dawo mini da shi ba gyara ko ɗaya, sai dogon layi ja tun daga sama har ƙasa a kowane shafi.

"Wannan wa'azi ne," in ji ta, "kuma wa'azin ma ba ki iya ba. Shekarunsu nawa lokacin da aka gama yaƙin duniya na farko?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ki san shekarun mutum ba, kin san makomarsa a lahira?"

Na fashe da kuka, na ce ita ba ruwanta, ba ita za a mayar Kano ba, da Abba yake magana ai shiru ta yi. Ta bar ni na gama, ta miƙo mini hankici. "Gobe bayan la'asar. Ki zo da littafin rubutu, ki bar wayar nan a waje."

Haka muka yi mako uku. Tana kan gado ta miƙe ƙafar da aka yi wa aiki, ni a ƙasa. Ba ta duba takarda, ba da labari take kamar a unguwarsu aka yi.

"Ɗauki yarinya ɗaya," in ji ta. "Tana 'yar shekara sha biyar aka kwashi yayyenta zuwa yaƙi a Turai. Wani bai dawo ba, wanda ya dawo ba ya iya barci. Ana cikin haka annobar mura ta shigo, ta fi ɗaukar matasa irinta. Ta tsira. Ta samu aiki a ofis tana buga tafireta, ko a shago, ko a gidan waya tana haɗa layi. Karo na farko albashi ya shiga hannunta. Uwarta gashi har kugu, sai an ɓata awa guda ana nannaɗe shi, ga wata rigar ciki mai ƙarfe da ke matse haƙarƙari. Ita kuwa ƙarfe takwas za ta kasance a ofis. Sai ta je wajen mai aski. A 1920 aka ba mata irinta damar jefa ƙuri'a. Ga mota ta yi araha, ga rediyo, ga silima. Gwamnati ta hana sayar da giya, sai aka koma sha a ɓoye a bayan shaguna, 'yan daba suka yi arziki. Kiɗan da take rawa da shi, jaz, baƙaƙen fata ne suka taho da shi daga kudu, kuma akwai gidajen rawar da za su yi kiɗa a ciki amma ɗan'uwansu ba zai zauna a kujera ba."

Ta kurɓi ruwa. "Ban ce ki yi abin da suka yi ba. Sigari da giya ba abin koyi ba ne, a can ma iyaye sun yi kuka da su. Cewa na yi ki san dalili."

Na sake rubutawa. Wannan karon na yi ta kambama su: jarumai, masu 'yanto mata, fitilun zamani. Gwaggo ta karanta, ta cire tabarau.

"Jiya shaiɗanu, yau mala'iku. Yaushe za su zama mutane? Ɗauko mayafinki ranar Juma'a, fita za mu yi."

Bayan an sauko daga masallaci muka hau jirgin ƙasa na metro, muka sauya layi, muka yi ta tafiya har Marina, unguwar masu kuɗi a bakin teku. Ta samu benci ta zauna, sanda tsakanin ƙafafu. Jiragen ruwa farare suna wucewa da kiɗa, motoci masu ƙyalli suna sauke mutane ƙofar otal-otal, mata da maza suna dariya da tabarau baƙaƙe. Mun fi rabin awa muna kallo, sannan ta tambaye ni.

"Yana da kyau ko ba shi da kyau?"

Na shiga neman amsar da take so.

"Kar ki yi mini ƙarya. Yana da kyau. Wanda ya ce bai burge shi ba, ba zai iya rubuta gaskiya a kansa ba. Yalla, tashi."

Ba gida muka nufa ba, Hor Al Anz muka sauka, unguwar ƙananan ma'aikata. Ta hau bene hawa biyu, shwaiya-shwaiya, tana hutawa a kowace kwana. A nan na fara ganin matar nan 'yar Kumasi. Su shida ne a ɗaki ɗaya, gado kan gado, kowacce ta kewaye nata da labule. Ashe a bas suka haɗu, Gwaggo ta ji ta tana waya da Hausa. Tun daga nan duk ranar hutun matar Gwaggo take zuwa da ledar dambun nama, tana koya mata rubuta rahoto da Ingilishi, don ana neman shugabar masu gyaran ɗakuna a otal ɗinsu kuma sai wadda ta iya rubutu. Mu a gida ce mana take za ta motsa ƙafa.

"Gaya wa 'yata yadda otal ɗin yake in an tashi daga liyafa," in ji Gwaggo.

Matar ta yi dariya. Ta ce kofuna har cikin tukunyar fulawa, takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin tebur, wani baƙon ya miƙo maka faranti bai ko kalli fuskarka ba. "Amma ni ma ina rawa fa," in ji ta. "Kiɗan yana shigowa ta ƙofar kicin. In oga bai nan, mu da 'yan Filifin muna cashewa." Ta ce ranar da za ta baro Zango ita kaɗai, ba abin da ba a faɗa a kanta ba. Yanzu ƙannenta biyu suna makaranta.

A hanyar gida Gwaggo ba ta yi mini fashin baƙi ba. Abu ɗaya ta ce: "Akwai irinta a littafin naki. Layi ɗaiɗai aka ba su. Nemo su."

Na koma littafin daga farko, na same su: masu dafa abinci, direbobi, masu share fili, makaɗa. Sau biyu na karanta shi a baya, ban gan su ba.

Rigimarta da Abba a kan abincin rana ta tashi. Shi ya fara.

"Yaya, na ga alama ke kike ɗaure mata gindi."

"Ni ce."

Ya ajiye cokali. Ya ce ƙasar mutane muke, abin da yarinya ke gani a titi ma ya isa, sai kuma a bi ta da shi har aji? Ya ce ya ga 'ya'yan abokansa da garin nan ya haɗiye, ba zai zuba ido ba. Na gane tsoro ne ba fushi ba.

"Shekarar da na sayi babur," in ji Gwaggo, "me ba a faɗa ba a unguwa? An ce 'yar Malam ta zama namiji. An ce ba mai aurena. Har aike aka yi wa mahaifinmu. Ba wanda ya tambaya nisan makarantar da aka tura ni, ko ya san motar haya ba ta zuwa can. A kan babur ɗin nan na kai ka tasha ranar da za ka tafi jami'a, akwatinka a cinyarka, ka ce in sauke ka daga nesa kada abokanka su gani. Na sauke ka. Ban taɓa tayar da maganar ba sai yau."

"Wannan daban, Yaya."

"Da me ya bambanta? Hoto ka gani, ka yanke hukunci."

Abba ya tashi ya bar abincin. Kwana uku ba su yi hira ba. Kullum da safe zai zo bakin ƙofarmu ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da kalma biyu, ya tashi. Umma ta rasa inda za ta sa kanta. A rana ta huɗu, da ya durƙusa, Gwaggo ta ce, "'Yarka ce, ba zan ƙwace maka hukunci ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zauna ta yi maka bayanin nan da Hausa, daga farko har ƙarshe. In ka ji, ka yi abin da ka ga dama."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko gaban malaman jami'a. Na tsaya a tsakiyar falo, Abba a kujerarsa, Umma a bakin ƙofar kicin, Gwaggo ta rufe ido kamar mai barci. Na fara da yarinyar da aka kwashi yayyenta, na bi ta ofis, na bi ta wajen mai aski da rumfar zaɓe. Ban ɓoye giya da sigari ba. Na kawo makaɗa da masu wanke kofuna, da manoman karkara waɗanda duk wannan shagali bai kai gare su ba.

Da na gama, Abba ya ce, "To yaya aka ƙare?"

Na ce a 1929 kasuwar hannun jari ta rushe, masana'antu suka rufe, mutane suka shiga layin karɓar abinci, shagali ya mutu. Amma ƙuri'ar mata ba ta koma ba, matan da suka shiga ofis da yawa ba su fita ba, kiɗan kuma ya zaga duniya.

"Shi mai littafin, yabonsu yake ko zaginsu?"

"Kallonsu yake, Abba. Suna burge shi, kuma yana jin tsoron abin da zai same su."

Ya daɗe yana kallon taga, inda ake hango dogayen gine-gine can nesa. "Kamar ni da garin nan ke nan," in ji shi. Ya miƙe, ya gyara hula. "Khalas. Ki gama abin da kika fara."

Gwaggo ta buɗe ido ɗaya. "Kin ce 'wato' sau goma sha ɗaya. A rage."

Da korona ta zo aka rufe gari, mu huɗu muka rage a gida, kowa ya ƙosa da kowa. Umma kullum tana kan labarai tana lissafa waɗanda suka kamu, har ta daina cin abinci sosai. Wata rana da hantsi Gwaggo ta ce in nemo mata kiɗan 'yan gajeren gashi a waya. Na sa. Ta jingine sanda, ta dafa bayan kujera, ta haɗe gwiwoyi tana watsa dugadugai gefe, hijabinta na salla yana lilo. "Kuɗin gwiwar nan ba zai tafi a banza ba," in ji ta. Umma ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Da ta huta Gwaggo ta ce mata, "Waccan annobar murar ta zamaninsu ta fi wannan muni, kuma ta wuce, mutane suka fito suka yi rawa. Wannan ma za ta wuce. Tashi ki ci abinci." Umma ta ci.

Ta ga bikin kammala karatuna, ko da yake a kwamfuta aka yi shi. Ta sa leshinta mai kyau ta zauna gaban allo, da aka kira sunana ta rangaɗa guɗa har maƙwabcinmu ɗan Sudan ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko lafiya. Ta kuma ga ranar da 'yar Kumasi ta zo da sabuwar rigar aiki ta shugabar sashe, ta juya a falo don Mma ta gani da kyau. Wata biyu ke nan da na fara koyarwa a wata makaranta a Deira lokacin da ta rasu.

Bayan addu'ar bakwai gida ya yi tsit. Da la'asar ina zaune a ɗaki ina kallon gadonta, sai Abba ya yi sallama. Bai cika shigowa ɗakin ba. A hannunsa akwai littafin nan na Amurka, ba nawa ba, wani sabo, gefen shafukan cike da rubutunsa na fensir.

"Lokacin kulle," in ji shi, "in kin shiga darasi a kwamfuta, ni da Yaya muna karantawa a falo. Shafi biyar kullum. Ta ce kar in gaya miki sai na gama, don kar ki yi mini dariya." Ya buɗe inda ya sa alama. "Da aka buɗe gari aiki ya sha kaina. Babi biyu ya rage. Kullum sai ta tambaye ni, in ce mata gobe."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadonta, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar jana'iza. Na bar shi har ya gama. Ya share fuska da hannun riga, ya miƙo mini littafin.

"Malama, a ƙarasa mini."

Na karɓa na fara karantawa, in na kai ƙarshen sakin layi in fassara masa. Sau biyu ya tsayar da ni ya yi gardama. Kiran magariba ne ya tashe mu, saura babi ɗaya, muka ajiye shi sai washegari.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka daga ƙasar da ba tata ba. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sa abin da ta koyar ya zame mata haske. Mu da ta bari, Ka ba mu haƙuri da kyakkyawan ƙarshe. Amin.